Ango da Wutar Ƙofar Baba Lam

Ina shago a Tianxiu, benen 'yan kasuwa da ke Guangzhou ta ƙasar Sin, ina ɗaure kwalin takalma aka leƙo aka ce ana nemana a waya daga Kano. La'asar ta yi a nan, can kuwa hantsi ne. Na sauka wurin matar da ke da wayar haya, na ɗauka, sai na ji muryar Firdausi, babbar 'yar aminina Ango. Ta gaishe ni kamar yadda ta saba, Baba Hadi ina wuni, ina aiki, ya baƙunta. Sai da ta gama gaisuwar tsaf sannan ta ce Baba ya rasu jiya, har an kai shi. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban tuna abin da na ƙara faɗa ba. Na dai tuna na ajiye kan wayar a gefe, ba a mazauninsa ba, mai wayar ta miƙo hannu ta gyara.

Ban koma shago ba. Na hau tasi zuwa unguwar Sanyuanli, gidan da muke haya, domin akwai mutum ɗaya a garin nan da ya kamata ya ji kafin kowa, shi ne mai gidan, wani tsoho ɗan ƙasar da muke ce wa Baba Lam. Na same shi a tsakar gida yana wanke kofunan shayi. Ba na jin yarensu sai na ciniki, ciniki kuwa babu kalmar mutuwa a cikinsa. Na nuna ɗakin Ango, na ce "meiyo", wato babu, abin da suke ce mana in kaya sun ƙare. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ɗauki kofi ɗaya daga cikin waɗanda ya wanke, ya kife shi a bakin taga, ya zauna. Ni ma na zauna. Muna nan har magariba ta yi.

Sunan Ango na yanka Suleiman. A Fagge aka haife mu, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Ana ce masa Ango ne don ranar da aka haife shi ana biki a gidansu. Bai san mahaifinsa ba. Malam Babayo tela ne, yana da kekensa da rumfarsa, ba wanda ya kama shi ya kai shi soja. Wani amininsa ne ya shiga, shi kuma ya bi shi da ƙafarsa, ya bar Inna Saratu da ciki. Aka kwashe su zuwa yaƙin Bama. Bayan an gama yaƙi wani da suka tafi tare ya dawo ya ce an harbi Babayo a cinya cikin daji, wani ɗan ƙaramin jirgin Amurka ya sauka ya ɗauke shi da ransa, daga nan bai sake ganinsa ba. Daga baya hukuma ta ce ya rasu. Inda aka binne shi kuwa ba wanda ya sani.

Inna Saratu ba ta san Amurka ƙasa ce ba. Cewa take yi Amurka ya ɗauke shi. Saboda haka muka tashi muna zaton wani mutum ne mai jirgi. Duk jirgin da ya taso daga filin jirgin Kano ya bi ta kanmu, sai Ango ya zaro danƙonsa ya harbe shi, ni ina tsinto masa duwatsu. Ita kuwa kowace Juma'a sai ta soya waina ta raba sadaka, ladan ya kai ga mijinta. Ango ya ɗauki wannan al'ada bai taɓa yar da ita ba. A nan Guangzhou, da babu waina, lemo yake saye ya raba wa masu dakon kaya a bakin Tianxiu, suna karɓa suna dariya ba su san dalili ba.

Abu ɗaya Inna ta dasa masa tun yana ƙarami. Takan ce ubansa shiga sharo ba shanu ya yi, faɗan da ba naka ba ko kallo kada ka tsaya yi. Haka Ango ya tashi. Ban taɓa ganin ya goyi bayan wani a rigima ba, ko ta ƙwallo ce. In aka matsa masa sai ya ce kowa da gaskiyarsa, ya yi murmushi ya kawo wata magana.

Ya fara da yaron shago a Kantin Kwari, ya je Ikko, daga can ya bi wani alhaji zuwa Hong Kong. Alhajin ya dawo, shi ya zauna. A wuraren cin abinci da bakin tasha ya koyi yaren mutanen kudancin Sin, har ya zama in yana magana a bayan labule ba ka cewa baƙo ne. Shekarar da aka mayar wa Sin da Hong Kong, ya ga kasuwa tana juyowa nan, ya tsallako. Lokacin Hausawan da ke garin ba su cika tabarma biyu ba. Ya ji kasuwa ta yi mini nauyi a gida, ya aiko aka taho da ni. Ina da shekara hamsin da 'yan kai na fara koyon cin shinkafa da tsinke, yana gefe yana mini dariya.

Aikinsa tafinta ne kuma dillali. Ɗan kasuwa ya sauka daga Kano ko Maraɗi, Ango zai tarbe shi, ya kai shi masana'anta, a yi ciniki ta bakinsa, ya bi kayan har tashar jiragen ruwa ta Huangpu a rufe kwantena a gabansa. Yana da wata hanya tasa da ba kowa ya sani ba sai ni. Zagi ba ya tsallake bakinsa. Alhaji zai fusata ya ce a gaya wa wannan ɓarawon ba a Sin aka fara ciniki ba. Ango zai juya ya ce wa mai masana'anta, laoban, wato maigida, ya yaba kayanka, aljihunsa ne ba shi da lafiya. Shi kuma mai masana'anta zai ce mutanen nan ɓata masa lokaci kawai suke yi. Ango ya juyo ya ce, ya ce ku manyan baƙi ne, a ɗan ƙara. Sai a daidaita, a sha shayi, kowa ya tashi yana ganin an girmama shi. Yakan ce mini shi rariya ne, gari ya wuce, tsakuwa ta tsaya. Da wannan ya ciyar da gida guda a Kano, da 'yan'uwa, da marayun ƙanensa.

Baba Lam kuwa dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta rasu, ɗansa yana wani gari ba ya cika zuwa ba. Ba shi da komai sai wannan siririn bene a cikin lungu, lungun da in ka miƙa hannu ta taga za ka taɓa gidan maƙwabci. Kuɗin haya shi ne abincinsa. Lokacin da masu gidaje ke ganin baƙar fata su ce meiyo tun kafin ka buɗe baki, shi ya buɗe ƙofa. Da Ango ya yi masa bayanin abin da ba ma ci, da kansa ya daina shigo da naman alade gidan. Ya share mana saman bene ya ce mu riƙa salla a can. Duk baƙon da Ango ya tarba, gidan yake kai shi.

Kullum da yamma su biyun sukan zauna a tsakar gida su sha shayi a waɗansu kofuna ƙanana kamar murfin kwalba, ni ina gefe. Wata rana talabijin ɗin tsohon yana nuna hotunan yaƙin da, sai ga jiragen Amurka masu tambarin tauraro. Ango ya yi tsaki. Baba Lam kuwa ya tafa hannu. Suka dubi juna. Daga ranar gardamarsu ta fara, ba ta kuma ƙare ba.

Baba Lam ya ce yana ɗan shekara tara jiragen Japan suka riƙa zuwa suna zuba wa garin nan wuta. Wata safiya mahaifiyarsa ta riƙe hannun ƙanwarsa suka tafi kasuwa kusa da tashar jirgin ƙasa. Ba su dawo ba, ba a kuma tsinci ko takalminsu ba. Ya ce a shekarun nan Amurka cewa take yi ba ruwanta da yaƙin kowa, amma tana sayar wa Japan man fetur da tsofaffin ƙarafa. Kawunsa ya goya shi suka gudu arewa cikin duwatsu. Can manya kullum maganarsu ɗaya, Amurka za ta shigo, bana za ta shigo. Sai da aka shekara uku da wani abu, Japan ta kai wa jiragen ruwanta hari a wani tsibiri tsakiyar teku, sannan ta shigo. Ranar da labarin ya iso ƙauyen, kawunsa ya yanka agwagwarsu guda ɗaya tilo. Daga baya jiragen Amurka suka riƙa zuwa suna jefa wa Japanawa bom a Huangpu, mutane suna hawa rufin gida suna murna, alhali wani lokacin gidajensu ne ke ci.

Ango ya ce shi kuwa wannan ranar ta agwagwa ita ta cinye ubansa. Da can yaƙin na Turai ne, Turawa suna ta fama da junansu. Da Amurka ta shigo wuta ta kama gabas duka, Ingila ta rasa mutanen da za ta tura Bama, ta zo Kano ta ɗiba. Da sun yi zamansu a gida, da Malam Babayo ya tsufa a kan kekensa. Baba Lam ya ce ai Japan ce ta fara taɓa su, kuma a ranar ta taɓa Ingila ma. Ango ya ce ai don daga baya sun hana ta man fetur ne ta taɓa su. Baba Lam ya ce to da sai su ci gaba da sayar mata tana ƙona mu? Nan Ango yakan ɗaga kofi ya ce a ƙara shayi.

Sun yi wannan gardama ba adadi, kamar masu dara, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai aza. Ɗaya yana jin haushin ta makara, ɗaya yana jin haushin ta zo. Ni ban san mai gaskiya ba har yau. Ango ne ke fassara mini, kuma na lura duk inda tsohon ya kayar da shi, fassarar takan gajarce. Sai in ga Baba Lam yana dariya har da buga cinya, Ango ya ce mini wai ya ce shayin ya huce.

A daminar 1998 Alhaji Maidaji ya sauka a gidan. Mutumin Damagaram ne, babban mai sayen tocila da batura, in ya taso sai ya zo da mutum biyar ko shida a bayansa. Mutumin kirki ne mai kyauta, kuma akwai wasa tsakaninsa da Ango irin na Kano da Damagaram. Ba ya kiransa da suna, sai Bakano. Ango kuma ya ce masa baƙauyen Faransa. A wannan zuwan abubuwa suka cuɗe masa. Guguwar teku ta hana jirage tashi, kwantenarsa ta maƙale a Huangpu. Ƙafarsa ta dama ta kumbura ba dalili. Ya kuma ce kwana biyu yana fita da safe yana ganin toka a bakin ƙofa, har ya tsallaka ta bai ankara ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da zuciya ke rayawa in an ga abu a bakin ƙofa, an tsallaka, ƙafa ta kumbura.

Ran nan muka dawo daga Tianxiu gab da magariba, mu duka. Muka tarar da Baba Lam tsugune a bakin ƙofar gida. Ga wata tasa ta ƙarfe yana ƙona takardu a ciki, ga turaren tsinke a soke jikin lemo, ga shinkafa a kwano biyu. A hannunsa akwai wata 'yar riga da aka yi da takarda, ƙarama, irin ta yarinya. Alhaji Maidaji ya tsaya cik. Ya fara karanta addu'a da ƙarfi. Akwai buta a gefen matakala, ya sure ta ya juye a kan wutar, ya sa lafiyayyar ƙafarsa ya ture kwanukan. Shinkafa ta watse a lungu.

Baba Lam ya miƙe a hankali, rigar takardar tana hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya faɗi wata gajeriyar magana yana duban Ango.

"Bakano," in ji Alhaji Maidaji, "me bokan naka ya ce?"

Ango ya juyo wajen Alhaji. Ya ce, "Ya ce ku yi haƙuri."

Sannan ya juya ya yi wa tsohon magana da yarensu. Daga baya ya gaya mini ce masa ya yi baƙin nan tsoron gobara suka ji. Da muka shiga ɗaki na tambaye shi ainihin abin da tsohon ya ce. Ya zauna bakin gado ya ce, cewa ya yi, uwata ce da ƙanwata, ba su da kabari, sai nan. Ya yi mini bayani cewa a watan bakwai na lissafinsu mutanen nan sukan ƙona takardu a bakin hanya saboda mamatansu, musamman waɗanda ba a san inda suke kwance ba. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce ƙarfe ya yi zafi, in ya ce abincin matattu ne abin zai ƙara lalacewa, a bari ya huce zuwa gobe.

Bai huce ba. A wurin Alhaji Maidaji, wanda ya ce a yi haƙuri ya amsa laifi ke nan. Washegari ya kwashe kayansa da mutanensa suka koma masauki. Kafin mako ya zagayo magana ta gama Tianxiu, cewa tsohon Sanyuanli yana yi wa baƙi sammu a bakin ƙofa, an kama shi, ya kuma amsa ta bakin Ango. Wanda ya sauka daga jirgi, kafin a nuna masa alƙibla an gaya masa gidan da ba a kwana. Sauran 'yan hayar suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Gidan ya rage daga ni sai Ango. Baba Lam ba ya jin Hausa, amma yana ganin akwatuna suna fita. Ya daina fito da shayi. In sun haɗu da Ango a matakala sai ya matsa jikin bango ya ba shi hanya, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Hanyar wanke tsohon ɗaya ce, Ango ya fito gaban jama'a ya ce abin da ya fassara ba shi aka faɗa ba. Tafinta kuwa ba shi da jari sai bakinsa. In ya ce sau ɗaya na canza magana, duk cinikin da aka taɓa yi ta bakinsa sai an dawo ana tunaninsa. Ya san haka, na san haka. Ya riƙa cewa zai samu Alhaji shi kaɗai ya lallaɓa shi. Ya je sau biyu, suka yi wasan Kano da Damagaram, ya dawo bai faɗa ba. Abinci ya daina shigarsa. Yakan ce mini shi bai zuba ruwa ba, bai ture kwano ba, bai kuma ce wa kowa ya tashi ba. Ina jinsa, na san ba da ni yake ba.

Watan nasu ya kusa ƙarewa, wata yamma muka zagaya bayan gida za mu ɗebo shanya. Sai ga Baba Lam a tsugune bakin kwata, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ya kunna 'yar wuta a gwangwanin madara, ya kare ta da jikinsa, yana waiwaye kamar mai sata. A gidansa, a lungun da ya tsufa a ciki. Ango ya tsaya. Tsohon bai juyo ba, ya yi magana yana duban wutar. Wannan karon Ango ya fassara mini duka.

"Ya ce, waɗancan ba su san abin da suka kashe ba. Kai ka sani."

Muka hau sama muka yi magariba. Bayan mun sallame Ango ya daɗe zaune yana jan carbi. Can ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce duk rayuwarsa yana jin haushin Amurka don ta shiga yaƙi, yau ga shi tsoho ya mayar da shi Amurkar da ba ta shiga ba, tana gefe tana sayar da mai. Na ce masa abin bai kai nan ba. Ya ce ya kai, Hadi.

Ranar Juma'a, in an sauko daga wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya, mutanenmu sukan taru a wani gidan taliya na Musulmin ƙasar. Ranar wurin ya cika. Ana cikin ci Ango ya miƙe tsaye ya yi sallama. Mutumin da ban taɓa gani ya tsaya gaban mutum uku ya yi magana ba.

"Bakano zai yi wa'azi," in ji Alhaji Maidaji. "Kowa ya dafe aljihunsa."

Aka yi dariya. Ango bai mayar masa ba. Ya ba da labarin matar da ta tafi kasuwa da 'yarta shekara sittin da suka wuce. Ya faɗi abin da wutar take nufi. Ya ce tsohon bai ce a yi haƙuri ba, bai amsa laifin komai ba, shi ne ya sa masa wannan magana a baki don a rabu lafiya. Wani daga baya ya ce to ai ko ba sammu ba ne shirka ce. Ango ya ce ba addininsa ba ne, bai ƙona ba, bai kuma ce kowa ya ƙona ba, hisabi na Allah ne. Amma abin ba shi da haɗi da ƙafar kowa ko kwantenar kowa. Ya ce shi ma ubansa ba shi da kabari, ya san yadda mutum ke rasa inda zai tsaya ya tuna da nasa, shi ya sa yake rabon lemo ranar Juma'a. Waɗansu suka yi a'uziyya, suka ce kada ya haɗa sadaka da wannan. Ya ce bai haɗa ba, maraicin ne ya ce iri ɗaya ne.

Alhaji Maidaji ya ajiye tsinkensa. Karo na farko na ji ya kira shi da sunansa.

"Suleiman, tun yaushe kake tace mana magana?"

"Tun ranar da na fara aikin nan, Alhaji."

"Ranar da na ce wa mai tocila ɓarawo fa?"

"Na ce masa kana gaida iyalinsa."

Waɗansu suka fashe da dariya, Alhaji bai yi ba. Ya biya kuɗin abincin kowa kamar yadda ya saba, ya dogara sandarsa ya fita.

Bai sake ciniki ta bakin Ango ba, mutanensa ma haka, da waɗansu da yawa da suka ji labari. Ban ga laifinsu ba ƙwarai, mutum yana so ya san abin da aka faɗa a kan dukiyarsa. Amma zancen sammu ya mutu, kuma na ji Alhajin da kansa ya kwaɓi wani da ya sake tayar da shi. Bai dai zo ya ba tsohon haƙuri ba. Baƙi suka fara dawowa gidan, ɗaya yau, biyu wani watan, bai sake cika kamar da ba. Ango kuwa aikinsa ya ragu sosai. Ya koma bin kayan ƙananan 'yan kasuwa zuwa Huangpu, yana wuni a rana yana jiran layi, aikin da da can yake ba waɗansu. Ba na cewa wannan ne ya kashe shi. Ciwon hanta ne, likita ya ce ya daɗe a jikinsa, kuma kwana ya ƙare. Amma na ga yadda ya rame a shekarar.

A yammacin wannan Juma'ar ya sami Baba Lam ya gaya masa komai, har da sunan boka da aka kira shi, bai tace ko kalma ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya shiga ɗaki, muka ji motsin kofuna. Ya fito ya zuba uku. Ya ce wa Ango ya makara. Ango ya ce ya sani, irin makarar Amurka ce. Tsohon ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

Gardamar ta dawo, amma ta canza. Ango ya daina cewa da sun yi zamansu a gida. Bai kuma taɓa cewa sun kyauta da suka shigo ba. In tsohon ya kai ƙarshen hujjarsa, sai Ango ya ce, ubana dai bai dawo ba. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ƙara masa shayi. A wurin aiki kuma Ango ya riƙa fassara komai yadda aka faɗa. Cinikinsa ya koma hayaniya, har wani mai masana'anta ya taɓa korarsu da tsintsiya. Ya dawo yana ba ni labari yana dariya, ya ce ashe haka sauran mutane ke rayuwa.

Da zafi ya shigo a 1999 idanunsa suka yi rawaya, ƙafa ta fara kumbura. Na matsa masa ya tafi gida. Ya ƙi, ya ce sai watan bakwai nasu ya wuce, yana so ya tsaya a bakin ƙofa ranar da tsohon zai kunna wutarsa, kada wani sabon zuwa ya maimaita. Jiki bai bar shi ba. Baba Lam da kansa ya haɗa masa akwati, ya cusa ganyen shayi a kowane lungu na kayan.

Ni na raka shi tashar jirgin ƙasa mai zuwa Hong Kong, daga can zai hau jirgin sama. Muka sami benci muka zauna, akwatin yana tsakanin ƙafafuna. Ya yi ta ba ni saƙo, wane yana da kaya a wuri kaza, in gaya wa wane kada ya yarda da mai batura. Na ce masa ya bar wannan, in ya dawo ya yi da kansa. Ya dube ni irin kallon da yake mini tun muna yara in na faɗi abin da mu duka muka san ba haka ba ne. Aka fara kiran fasinja. Ya dafa kafaɗata ya miƙe.

"Hadi, kada ka bar gidan nan. Ko da kai kaɗai ka rage."

Na ce, "Ina zan je? Matakalar ce dai take cin gwiwata."

"To ka sauko ɗakina na ƙasa."

"Gadonka ya yi mini gajere, Ango."

Ya ɗauki akwatinsa, ya ce, "Ka lanƙwashe ƙafa mana."